Ibnul Haisam: Baƙon Alƙahira da Ya Warware Sirrin Gani

A wannan karo za mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah da ya bar garinsu ya tafi wata ƙasa da babban buri, burin ya rushe a hannunsa, ya shafe shekaru a tsare, amma daga bisani ya bar wa duniya littafin da ya sauya fahimtar ɗan Adam game da haske da gani. Sunansa Abu Ali al-Hasan ibnul Hasan ibnul Haisam, wanda Turawa suka sani da Alhazen.

An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965 Miladiyya, wato wajen 354 bayan Hijira. A wancan zamani Basra gari ne na malamai da fatake, littattafan Girkawa kuwa an riga an juya da yawa daga cikinsu zuwa Larabci tun ƙarni biyu da suka gabata. A cikin wannan yanayi ya tashi, ya karanci lissafi da handasa da ilimin taurari da falsafa, har sunansa ya ketare Iraƙi.

Masar a lokacin tana hannun daular Faɗimiyya, wadda ta kafa birnin Alƙahira a 969 ta kuma gina masallacin Azhar. Halifan da ke kan karaga daga 996 zuwa 1021 shi ne al-Hakim bi-Amrillah, mutum mai son ilimi, wanda ya buɗe gidan karatu na Darul Ilmi a 1005, amma kuma mai wuyar sha'ani, domin manyan ma'aikatansa da dama sun rasa rayukansu a hannunsa. Rayuwar Masar kuwa kacokan ta rataya ne a kan Kogin Nilu. Kowace shekara ruwan saman da ya sauka a tsaunukan Habasha yakan cika kogin ya malala gonaki. In ambaliyar ta yi ƙaranci a shiga yunwa, in ta yi yawa ta cinye gidaje da amfanin gona.

Masanin tarihi Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, ya ruwaito cewa labari ya kai wa halifa wai Ibnul Haisam ya ce da yana Masar da ya yi wa Nilu aikin da za a riƙa cin moriyarsa ko ya cika ko ya ja baya. Halifa ya aika masa da dukiya, ya gayyace shi, ya kuma fita da kansa ya tarbe shi. Aka haɗa shi da magina da ma'aikata, suka nufi kudu. A hanya ya riƙa ganin gine-ginen mutanen dā, ya ga ƙwarewar da ke cikinsu, sai jikinsa ya fara sanyi: in waɗannan gwanaye ba su tare kogin ba, to akwai dalili. Da ya isa wajen duwatsun da ruwa ke gangarowa kusa da Aswan, ya duba wurin da idonsa, ya tabbatar aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa.

A nan ne halinsa ya fito. Yana iya fara gini, ya ci kuɗin baitulmali shekara da shekaru, ya jinkirta ranar tonon asiri. Sai ya koma gaban sarkin da kowa ke tsoro ya amsa cewa ya yi kuskure. Lokaci ya gaskata hukuncinsa, domin ba a gina madatsar ruwa a Aswan ba sai a 1902, babbar madatsar kuwa sai a 1970, da injuna da ƙarfe da siminti.

Halifa ya ba shi wani muƙami a gwamnati, ya karɓa don tsoro. Da ya ga zama kusa da al-Hakim kasada ce da rai, sai ya yi haukan ƙarya, aka ƙwace dukiyarsa aka tsare shi a gida. Haka ya zauna har 1021, shekarar da halifan ya fita da dare zuwa tsaunin Muƙaɗɗam bai sake dawowa ba. Daga nan ya bayyana lafiyarsa, aka mayar masa da kayansa, ya tare kusa da ƙofar Azhar. Abincinsa ya koma kan alƙalaminsa: kowace shekara yakan kwafe manyan littattafan lissafi da taurari da hannunsa, ciki har da na Uƙlidis da na Baɗlamiyus, ya sayar, kuɗin ya ishe shi shekara. Sauran lokacinsa na nazari ne da koyarwa da rubutu.

Mafi girman abin da ya rubuta shi ne Kitabul Manazir, littafi mai juzu'i 7 a kan haske da gani. Don a gane darajarsa, sai a san rigimar da ya tarar. Uƙlidis da Baɗlamiyus, manyan masana lissafin Girkawa, sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abu, sannan a gan shi. Mabiya Aristo suna ganin siffar abu ce ke zuwa ga ido, amma ba su da lissafin da zai bayyana yadda hakan ke faruwa. Likitoci mabiya Jalinus kuma suna da nasu bayanin da ya dogara da ƙirar ido da jijiyoyinsa. Fiye da shekara 800 kowane ɓangare yana riƙe da nasa.

Ibnul Haisam ya fara da abin da kowa ya sani. Wanda ya kalli rana idonsa yakan yi zafi. Wanda ya ƙura wa wuri mai haske ido sannan ya juya ga duhu, yakan ci gaba da ganin alamar hasken na ɗan lokaci. Wannan na nuna cewa haske ne ke yin tasiri a kan ido daga waje. Ya kuma nuna cewa ko da an ɗauka wani abu yana fita daga ido, dole dai wani abu ya dawo da labari cikinsa, saboda haka zancen fitar ba ya ƙara komai a bayanin. Matsayarsa ita ce kowane ɗigo a jikin abin da haske ya sauka a kansa yana watsa haske ta kowace fuska a kan miƙaƙƙun layuka, abin da ya shiga ido daga ciki shi ne mafarin gani.

Bai tsaya ga hujjar baki ba. Ya riƙa shirya gwaji, wanda yake kira i'itibari, yana bayyana kayan aikin da awonsu dalla-dalla yadda wani zai iya maimaitawa. Ɗaya daga ciki mai sauƙi ne: a jera fitilu a wurare dabam-dabam a gaban wata 'yar kafa da ke kaiwa ga wuri mai duhu. A bangon ciki za a ga ɗigon haske daidai da yawan fitilun, kowane ɗigo yana fuskantar fitilarsa a kan layin da ya ratsa kafar. In aka rufe fitila guda, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Ashe haskoki suna ratsa kafa guda ba tare da sun cakuɗe ba. Duk wanda ya taɓa zama a ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka, ya ga zaren haske ya shigo ta hujin ƙusa ya sauka a ƙasa, ya ga irin wannan. A wata maƙala da ya rubuta kan siffar husufi, ya bayyana dalilin da ya sa hoton rana mai husufi, in ya bi ta ƙaramar kafa, yake fitowa a bango kamar jinjirin wata. Mutanen Sin da Girkawa sun lura da wannan al'amari tun kafin zamaninsa, amma shi ya yi masa nazari na lissafi da gwaji. A kan wannan ƙa'ida ce ta ɗaki mai duhu kyamara ta samo asali.

Sai dai ra'ayinsa ya haifar da wata matsala. In kowane ɗigo yana aika haske ko'ina, to kowane sashe na ido yana karɓar haske daga dukkan abin da ke gabansa, kamata ya yi mu ga hazo kawai. Amsarsa ita ce daga cikin layukan da ke fitowa daga ɗigo guda, ɗaya ne tak ke sauka a kan fuskar ido a tsaye cak, ya wuce ba tare da ya karkace ba, shi ne kuma ido ya fi ji. Ta haka kowane ɗigo a waje yake samun ɗigo guda a ciki, siffar abu ta shiga a tsare. A nan bai kai ga cikakkiyar gaskiya ba. Ya ɗauka wani ɓangare mai kama da ƙanƙara a cikin ido, wanda likitocin Larabawa ke kira jalidiyya, shi ne mai jin hasken. Sai a 1604 Bajamushe Johannes Kepler ya nuna cewa aikin wannan ɓangare tattara haske ne, hoton kuma yana sauka a juye a kan tantanin da ke bayan ido. Amma tambayar da Kepler ya amsa, da hanyar da ya bi, gadon Ibnul Haisam ne.

Abin da ya fi ba masana halayyar ɗan Adam mamaki a yau shi ne juzu'i na 2 da na 3. A ciki ya bayyana cewa abin da ido ke ji tsurarsa haske ne da launi. Sanin nisan abu, da girmansa, da siffarsa, da gane cewa wancan mai tahowa wane ne, duk hukunci ne da hankali ke yankewa ta hanyar kwatanta sabon gani da abin da ya saba gani, cikin saurin da mutum ba ya ma lura ya yi wani tunani. Shi ya sa mutumin da ya yi nisa ba ma cewa ya ƙanƙance, ko da yake hotonsa a ido ya ragu. Shi ya sa kuma gani ke yin kuskure in haske ya yi ƙaranci, ko nisa ya yi yawa, ko lokacin kallo ya gajarta. Da wannan ya bayyana dalilin da wata ke yin girma a ido in yana gefen sama fiye da in yana tsaka: hankali yana ɗaukar gefen sama ya fi nisa, sai ya hukunta cewa watan ya fi girma. Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji. Ibnul Haisam ya nuna cewa shi kansa ganin yana buƙatar a bincike shi. A ƙarni na 19 masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya zo da ra'ayi mai kama da wannan, kuma masu koya wa kwamfuta gane fuska da hanya a yau suna fama da tambaya iri ɗaya: yaya ake tashi daga ɗigon haske da launi a kai ga sanin abin da ake kallo?

A lissafi ma ya bar suna. A juzu'i na 5 ya warware wata matsala da har yau ake kira da sunansa: in ga fitila ga ido ga madubi mai siffar ƙwallo, a wane ɗigo na madubin haske zai daka ya dawo ga idon? Ya gano hanyar tara lambobin da aka ninka kowace da kanta sau huɗu, ya yi amfani da ita wajen auna cikin wata siffa mai kama da ƙoƙo. Ya yi rubutu kan hasken wata, da kan gano alƙibla ta hanyar lissafi, buƙatar da duk Musulmin da ya sauka a baƙuwar ƙasa ya san nauyinta. Ya kuma rubuta littafin shakku a kan Baɗlamiyus, inda ya fito da wuraren da babban malamin taurarin ya saɓa wa ƙa'idojin da shi kansa ya shimfiɗa. A gabatarwar littafin ya yi gargaɗi cewa malamai ba ma'asumai ba ne, mai neman gaskiya wajibi ne ya binciki abin da yake karantawa ta kowane gefe, ya kuma tuhumi kansa yayin binciken don kada son zuciya ko sassauci su karkatar da shi.

Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Littafinsa ya daɗe bai sami masu ɗaukarsa yadda ya kamata ba a ƙasashen Musulmi, sai wajen 1300 da Kamaluddin al-Farisi ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir, ya kuma yi amfani da ƙwallon gilashi cike da ruwa ya bayyana yadda bakan gizo ke samuwa. A Turai an juya littafin zuwa Latin wajen 1200, Roger Bacon da Witelo da John Pecham suka gina karatunsu a kansa, aka kuma buga shi a birnin Basel a 1572. A 1647 masanin taurari Johannes Hevelius ya sa hotonsa tare da na Galileo a bangon littafinsa kan wata. A yau akwai wani rami a doron wata mai sunan Alhazen, a 2003 hotonsa ya hau takardar kuɗin Iraƙi ta dinari 10,000, kuma a 2015, Shekarar Haske ta Duniya, hukumar UNESCO ta karrama aikinsa.

Mu da muke zaune nesa da gida, akwai abin da ya shafe mu a wannan tarihi. Da yawa an taso da buri, an iso an tarar da abin ya sha bamban da yadda aka zata. Akwai mai digiri da ke tuƙin tasi, akwai malamin da ke gadi. Ibnul Haisam ya faɗi a aikin da ya kawo shi Masar, ya rasa muƙami da 'yanci, ya ƙare yana kwafar littattafan wasu don ya ci abinci, amma bai bar nazari ba. 'Ya'yanmu kuma da ke makarantun Landan da Accra da Jidda, waɗanda wasunsu ke jin kimiyya kayan aro ce, ya kamata su san wannan suna. Hanya mafi sauƙi ita ce a sami kwali, a huda ƙaramar kafa a gefe guda, a yanke ɗaya gefen a manna farar takarda mai shara-shara, a kunna kyandir a ɗaki mai duhu a fuskantar da kafar gare shi. Yaro zai ga harshen wutar a kan takardar, kansa a ƙasa. In ya tambayi dalili, sai a ba shi labarin mutumin Basra.

Allah Ya jiƙansa, Ya amfanar da mu da ilimi mai amfani.