Rachel Carson, matar da ta bi sawun maganin feshi

Ranar Asabar Mama ta aike ni bakin titin Abuja in sayo tumatir da kabeji. Da na dawo sai na ga wani fari-fari kamar hoda a jikin tumatirin. Mama ta ce wataƙila ragowar maganin ƙwari ne da ake fesawa a gona, in wanke sosai. Da na ba malaminmu na aikin gona labari, sai ya ce in nemo tarihin wata mata mai suna Rachel Carson. 'Yan uwana ɗalibai, ga abin da na samo.

An haife ta ranar 27 ga Mayu, 1907, a garin Springdale na jihar Pennsylvania a Amurka. Gidansu ba masu kuɗi ba ne. Mahaifiyarta ce ta koya mata kallon tsuntsaye da tsirrai. Abin da ya fi burge ni, ba ta kai shekaruna ba aka buga labarinta na farko a wata mujallar yara. Da ma marubuciya take son zama, amma a kwaleji ta koma ilimin halittu, ta yi digiri na biyu a Jami'ar Johns Hopkins a 1932. Mahaifinta ya rasu a 1935, nauyin gida ya dawo kanta, sai ta kama aiki a hukumar kula da kifaye ta gwamnati. Littafinta a kan teku na 1951 ya sa sunanta ya fito.

A lokacin, maganin ƙwari mai suna DDT shi ake yayi. Yana kashe sauro da ƙwarin gona, har wanda ya gano amfaninsa, Paul Müller, ya samu kyautar Nobel a 1948. Da jirgin sama ake fesa shi. A 1958 wata ƙawarta ta rubuto mata wasiƙa cewa an yi feshin sauro a unguwarsu, tsuntsaye sun yi ta mutuwa. Rachel ta shafe shekara huɗu tana bincike. Ta nuna cewa maganin ba ya ɓacewa bayan feshi. Yana sauka a ganye, ganyen ya faɗi, tana ta ci, tsuntsu ya ci tanar, gubar ta taru a kitsen jikinsa. Haka yake shiga ruwa da kifi da madara, har ya iso kwanon mutum.

Littafin, Silent Spring, ya fito a 1962. Sunan yana nufin bazarar da ba a jin kukan tsuntsu. Masu sayar da maganin sun yi mata ca, suka ce tsorata mutane kawai take yi. Alhali ita ba ta ce a daina feshi gaba ɗaya ba, cewa ta yi a daina yi barkatai, kuma a gaya wa mutane gaskiya. Duk wannan rigimar tana fama da sankarar mama, mutane da yawa ba su sani ba. A 1963 kwamitin masana na Shugaba Kennedy ya goyi bayanta. Ta rasu ranar 14 ga Afrilu, 1964, tana da shekara 56. Sai a 1972 Amurka ta hana fesa DDT a gonaki, ba ta gani ba.

Mu ma abin ya shafe mu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa. Malam ya ce wanki yana rage wanda ke bayan ɓawo ne kawai, wanda ya shige ciki sai manomi ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya tsinka. Ni dai yanzu ina yar da ganyen kabeji na waje, ina goge tumatir ɗaya bayan ɗaya a ruwa mai tsabta, ba da omo ba, in sake ruwan sau biyu. Ƙanena kuwa har yanzu a rigarsa yake goge gwaiba ya kai baki.