LADI KWALI, MAGINIYAR DA TA ƊAUKAKA YUMƁU

Tun kafin zuwan lantarki, randa ce ke sanyaya ruwan gida a Filinge da dukan ƙasar Kurfai. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Ga tarihin wata mace da wannan sana'a ta kai sunanta duniya.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari, cikin Nijeriya. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Da hannu take murza yumɓu, ta ɗora shi zobe bisa zobe har randa ta tashi, sannan ta zana mata kunama, ƙadangare, kada ko kifi, a gasa a fili da itace.

Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa. Nan ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su a 1950. Bayan ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi aikin Turawa, amma ba ta yar da na gida ba. An nuna aikinta a Landan a 1958, ta kuma zaga Amurka a 1972. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta 1984. Daga baya aka sa hotonta a takardar naira 20.

Sai dai akwai abin lura. Randunan da ta shafe da ƙyalli, aka gasa da wuta mai tsanani, sun yi nauyi, ba su tsattsafo, saboda haka ba su sanyaya ruwa. Sun zama kayan ado. Mai amfanin gida ita ce irin wadda ta koya tana ƙarama, irin wadda matan Bubon da na Mirya ke ginawa.

Yau roba da dalma sun cika kasuwanninmu. In maginiya ta tsufa ba ta koya wa ɗiya ba, sana'ar ta tafi ke nan. Ya kamata hukumomi da iyaye su dubi wannan al'amari.