Jastin Shahidi: Rayuwarsa Tsakanin Falsafar Sitowa da Addinin Kirista

Gabatarwa

A wajen shekara ta 165 Miladiyya aka gurfanar da wani malami da almajiransa shida gaban hakimin birnin Rum, bisa tuhumar cewa su Kiristoci ne. Sunan malamin Jastin, hakimin kuwa Yuniyus Rustikus. Dukansu biyu sun sha daga rijiya ɗaya, wato falsafar Sitowa. Rustikus na cikin manyan malamanta a zamaninsa, Jastin kuma a hannun wani malaminta ya fara karatun falsafa, daga gare ta kuma ya ari kalmar da ya gina tunaninsa a kai. Wannan maƙala ta bi rayuwar Jastin domin gano abin da Kiristocin farko suka karɓa daga 'yan Sitowa da abin da suka mayar musu.

Mazhabar Sitowa

Zeno, mutumin Kitiyom ta tsibirin Ƙubrus, shi ya kafa wannan mazhaba a Atina wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya. Yakan koyar a wata rumfa mai ginshiƙai a bakin kasuwa, wadda Girkawa ke kira sitowa, sai sunan rumfar ya bi mazhabar. Da wannan ma'ana Larabawa suka kira mabiyanta Riwaƙiyyun. A wurinsu, wani hankali guda ne ya ratsa duniya yake tafiyar da ita, suna kiran sa logos, kalmar da ke ɗauke da ma'anar magana da hankali da tsari. Sun ɗauke shi a matsayin wata wuta mai laushi ko numfashi, wato abu mai jiki, shi ne kuma Ubangiji a fahimtarsu. Komai yana gudana bisa ƙaddarar da ba ta kaucewa, duniya kuma za ta ƙone ta sake dawowa yadda take, sau ba adadi. Ta fuskar ɗabi'a sun koyar da cewa nagarta kaɗai ce alheri na haƙiƙa, don haka mai hikima ba ya tsoron talauci ko mutuwa.

Haihuwarsa da Neman Iliminsa

An haifi Jastin a wajen shekara ta 100 a Filabiya Niyafolis ta ƙasar Samariya, garin da Sarki Basfasiyan ya kafa a shekara ta 72, wanda a yau ake kira Nabulus a Falasɗinu. Sunan mahaifinsa Firiskus, kakansa kuma Bakiyus. Gidansu ba na Yahudawa ba ne, kuma da Girkanci ya yi karatu ya yi rubutu.

Shi da kansa ya ba da labarin yawon neman iliminsa a farkon littafinsa na muhawara da wani Bayahude mai suna Tirifo. Ya fara zama gaban wani malamin Sitowa, ya daɗe, amma bai ƙaru da komai game da Ubangiji ba, domin malamin bai ɗauki wannan sani a matsayin dole ba. Ya koma wurin wani mabiyin Aristotul, wanda bayan 'yan kwanaki ya nemi a yanka masa kuɗin karatu, sai Jastin ya raina shi ya bar shi. Wani mabiyin Fitagoras ya ce sai ya fara ƙwarewa a ilimin kiɗa da na taurari da na awon siffofi, ya ga hanyar ta yi tsawo. A wurin mabiya Aflatun ne ransa ya kwanta, har ya zaci ya kusa ganin Ubangiji da idon zuci. Wasu manazarta na ganin wannan jeri salon marubutan zamanin ne, amma ko da haka ne, ya nuna inda Jastin ya ajiye kowace mazhaba a ma'auninsa.

Wata rana yana kaɗaice kusa da teku ya haɗu da wani dattijo, wanda ya yi ta yi masa tambayoyi har ya rushe masa abin da ya dogara a kai game da rai da dawwamarsa, sannan ya nuna masa littattafan annabawan Bani Isra'ila. Akwai kuma abin da ya riga ya taɓa zuciyarsa tun yana Aflatuniyye: yadda ya ga Kiristoci suna fuskantar kisa ba tare da firgita ba. Ya karɓi addinin Kirista wajen shekara ta 130, amma bai tuɓe mayafin da masana falsafa ke yafawa ba, domin a ganinsa ya sami falsafar gaskiya ne. Muhawararsa da Tirifo ya ɗora ta a lokacin tawayen Yahudawa na Bar Kokba, na shekarun 132 zuwa 135, kuma masanin tarihi Yusibiyus ya ce a Afisa aka yi ta. Daga baya ya zauna a Rum, ya buɗe makaranta a masaukinsa da ke saman wani gidan wanka. Cikin almajiransa akwai Tatiyan, wanda ya haɗa Linjila huɗu ya mayar da su labari ɗaya.

Abin da ya Ara

A wajen shekara ta 155 ya rubuta wa Sarki Antoninus Fiyus da 'ya'yan riƙonsa takardar kare Kiristoci, yana neman a hukunta mutum bisa laifinsa, a daina hukunta shi bisa sunan addininsa. Ya bi ta da wata gajeriya bayan hakimi Urbikus ya kashe wasu Kiristoci uku. A cikin waɗannan takardu ne ya fuskanci tambayar da masu ilimi ke jefa wa Kiristoci: idan gaskiya ta zo ne da Almasihu shekara ɗari da hamsin da suka wuce, mene ne matsayin masu hikimar da suka gabace shi?

Amsarsa ta fito daga rumbun 'yan Sitowa. Su ne ke maganar logos mai iri, wato ƙwayoyin hankalin da ke cikin halitta, waɗanda kowane abu ke tsira daga gare su. Linjilar Yohanna kuma ta riga ta kira Almasihu Logos, wanda fassarar Hausa ta mayar Kalma. Jastin ya haɗa biyun. A wurinsa Kalma cikakkiya ita ce Almasihu, amma an shuka ƙwayarta a cikin kowane ɗan Adam, don haka duk wanda ya faɗi gaskiya ya faɗe ta ne gwargwadon rabonsa na wannan iri. Da wannan hujja ya lissafa Sokratis da Hirakilitus tare da Ibrahim da Iliya cikin waɗanda suka rayu bisa Kalma tun kafin zuwanta. Ya yaba wa 'yan Sitowa a fili kan koyarwarsu ta ɗabi'a, ya kuma ambaci Musoniyus, malamin Sitowa da Sarki Nero ya kora daga Rum, cikin waɗanda aka tsana saboda gaskiya. Har ya kai ga iƙirarin cewa duk wata magana mai kyau da wani ya taɓa faɗa, mallakar Kiristoci ce.

Abin da ya Ƙi

Sai dai aron kalma daban, aron aƙida daban. Logos na 'yan Sitowa abu ne mai jiki, cuɗe da duniya, yana canzawa da canzawarta. Jastin ya ƙi wannan, domin Ubangijin da ya yi imani da shi ya ɗaukaka bisa halitta, ba ya sauyawa, kuma a nan ya fi kusa da mabiya Aflatun. Ya yarda duniya za ta ƙare da wuta, amma sau ɗaya, a matsayin hukunci, ba zagaye marar iyaka ba.

Babban saɓaninsu shi ne ƙaddara. Jastin ya ce in har komai tilas ne, to mai kirki bai cancanci yabo ba, mugu kuma bai cancanci zargi ba, dokoki da wa'azi duk sun zama aikin banza. Ya nuna cewa mutum ɗaya yakan sauya daga mugunta zuwa nagarta, abin da ba zai yiwu ba da a ce an ɗaure shi a hali guda. Ya kuma tuhumi 'yan Sitowa da tufka da warwara, tunda suna kiran mutane zuwa ga nagarta alhali aƙidarsu ta hana zaɓi. 'Yan Sitowa suna da amsarsu, domin Kirisifus ya daɗe da bambance dalilin da ke zuwa daga waje da amincewar da ke fitowa daga cikin mutum, amma Jastin bai tsaya auna wannan amsa ba. Wanda ya karanci jayayyar Jabariyya da Ƙadariyya a ilimin tauhidi zai gane fagen nan.

Shari'arsa da Kisansa

Jastin ya yi jayayya a bainar jama'a da wani masanin falsafa mai suna Kiresens, ya kuma rubuta cewa yana tsammanin makirci daga gare shi ko irinsa. An kama shi a zamanin Markus Oriliyus, wanda ya yi mulki daga 161 zuwa 180, sarkin da shi kansa ɗan Sitowa ne. A littafin tunane-tunanensa, Markus ya gode wa Rustikus saboda shi ya ba shi darussan Efiktitus daga ɗakin karatunsa. Gaban wannan Rustikus aka kai Jastin.

Bayanin shari'ar ya wanzu, kuma gajere ne. Hakimin ya tambaye shi koyarwar da yake bi da wurin da suke taruwa, ya tambaye shi ko yana zaton zai hau sama in an kashe shi, Jastin ya amsa cewa abin a wurinsa ya wuce zato, yaƙini ne. An umurce su da yin hadaya ga allolin Rum, suka ƙi. Aka yanke a yi musu bulala a fille kawunansu, cikinsu har da mace ɗaya mai suna Karito da wani bawan gidan sarki, Yuwelfistus. Rustikus ya zartar da dokar daula ne, wadda ta ɗauki ƙin hadaya a matsayin tawaye. Rashin tsoron mutuwa da mazhabarsa ke yabo, da ya gan shi a jikin Kirista, bai hana shi yanke hukunci ba. A wuri ɗaya tak da sunan Kiristoci ya fito a littafin Markus, an siffanta wannan hali nasu da taurin kai, kodayake wasu masana na zargin cewa wani ne ya cusa kalmar daga baya.

Kammalawa

Littattafai uku ne aka tabbatar nasa ne cikin waɗanda suka iso gare mu, kusan duka ta hanyar kwafe guda na ƙarni na 14 da ke ajiye a Faris. Hanyar da ya share kuwa ta sami mabiya. Fantenus, wanda Yusibiyus ya ce ɗan Sitowa ne a da, ya jagoranci makarantar Kiristoci a Iskandariyya, almajirinsa Kilemen kuma ya ɗauki falsafa a matsayin shiri da aka yi wa Girkawa. Tartuliyan na Kartaj ya yi tir da haɗa Atina da Urushalima, amma shi ma daga 'yan Sitowa ya ɗauko ra'ayinsa cewa rai yana da jiki. Daga baya sufayen Kirista suka yi wa ɗan littafin Efiktitus kwaskwarima suna karantawa a gidajen ibadarsu.

Tambayar da Jastin ya fuskanta, wato me mai imani zai yi da hikimar wanda ba addininsu ɗaya ba, ita ce al-Kindi ya sake fuskanta a Bagadaza a ƙarni na 9, ya kuma amsa cewa babu kunya a karɓar gaskiya ko daga ina ta fito. Jastin ya karɓa, ya tace, ya faɗi abin da ya ajiye da dalilinsa, kuma bai janye ko ɗaya ba a gaban Rustikus. Majami'u na tunawa da shi ranar 1 ga watan Yuni.