BISHOP SAMUEL AJAYI CROWTHER, BAWAN DA UBANGIJI YA MAI DA SHI MAKIYAYI

'Yan'uwa cikin Ubangiji, a wannan biki na shekara hamsin ya kamata mu tuna da waɗanda suka share hanya tun ba a haife mu ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Samuel Ajayi Crowther, baƙin mutum na fari da ya zama bishop a Ekklesiyar Angilikan.

An haife shi a Osogun, cikin ƙasar Yarabawa. A shekara ta 1821 mahara suka faɗa wa garin, suka kama shi yana yaro, aka raba shi da uwarsa. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har ya kai Ikko, aka sa shi cikin jirgin Turawan Fotugal masu fataucin bayi. Amma a 1822 jirgin yaƙin Ingila ya tare su a teku, aka 'yanta bayin, aka sauke su a Saliyo. Can ya koyi karatu, ya ba da gaskiya ga Yesu, aka yi masa baftisma a 1825. Sa'ad da mishan ta C.M.S. ta buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, yana cikin almajiranta na fari.

A 1841 ya hau kogin Kwara tare da ayarin Turawa da wani mai wa'azi, Schön, wanda ya ba da ransa ga koyon Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a tafiyan nan. Daga nan shugabannin mishan suka gane, in Bishara za ta kafu a Afirka, sai 'ya'yan Afirka su ɗauke ta. Aka naɗa Crowther fasto a 1843. Da ya je aiki Abeokuta, Allah ya sada shi da uwarsa a 1846, bayan rabuwar shekara 25. Ita ma ta karɓi baftisma.

Magatakardan C.M.S. a zamanin nan, watau Henry Venn, yana da nufi guda: kowace ekklesiya ta ci da kanta, ta yi mulkin kanta, ta kuma yaɗa Bishara da kanta. Crowther ya riƙe nufin nan da hannu biyu. A 1857 ya kafa aikin mishan a bakin Kwara, ya fara da Anaca, ma'aikatansa kuwa baƙaƙe ne daga Saliyo. A shekaran nan jirginsu ya fashe kusa da Jebba. Bai zauna banza ba, sai ya mai da kwanakin jira na koyon Nufanci. Ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi bishop a babbar majami'ar Kantabari.

Abu biyu ne suka fi fitowa cikin aikinsa. Na fari, ya so kowane mutum ya ji Maganar Allah da harshen da ya sha a nono. Domin haka ya yi shekaru yana juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci tare da abokan aiki, har aka gama a 1884, ya kuma rubuta littattafan koyon karatu na Ibo da na Nufawa. Na biyu, ya zauna da Musulmi da ladabi. Ya kan ziyarci Sarki Masaba a Bida. A fadar Ilori, a 1872, aka yi masa tambayoyi masu wuya a kan Yesu, ya amsa daga cikin Littafi, ba zagi, ba gardama, bai kuwa ɓoye gaskiyarsa ba. Saboda amincin nan ne Sarkin Nupe Maliki ya aika masa da takarda, yana roƙo ya taimaka a hana shigo da barasa ƙasarsa.

Ƙarshen kwanakinsa ya zo da baƙin ciki. Waɗansu samarin Turawa masu mishan suka zo da zafin kai, suka ga laifin ma'aikatansa. A 1890 suka dakatar da fastoci a gabansa, ba tare da yardarsa ba. Gaskiya akwai masu rauni cikin ma'aikatan, amma an yi wa dattijon rashin kunya. Bai rama ba, bai kuma rabu da Ekklesiya ba. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Aka ba Bature gadonsa, aka yi shekara wajen 60 kafin baƙin mutum ya sāke riƙon dayosis a ƙasar. A 2014 Babban Bishop na Kantabari ya yarda a fili an zalunce shi.

To, 'yan'uwa, abin da ya yi wa wahala yana hannunmu yau. Muna da Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Saura mu tambayi kanmu: baikonmu yana riƙe masu wa'azinmu, ko muna jiran taimako daga ƙetare? Muna koya wa 'ya'yanmu karatu? Maƙwabtanmu suna ganin ladabi da gaskiya a wurinmu? Ubangiji ya ba mu haƙuri da himma irin na bawansa. Amin.