Fridtjof Nansen, Mutumin Da Ya Bi Sawun Ruwan Teku

Nguru da Gashuwa sun fi mil 500 nisa daga bakin teku, da yawa cikinmu kuwa ba su taɓa ganinsa ba. Duk da haka ruwan da ke cika fadamun Nguru, ya wuce ta Gashuwa zuwa Tafkin Chadi, yawancinsa daga teku ya fito, gama iskar damina ce ke ɗauko laimarsa daga Tekun Atlantika ta zubo mana. Saboda haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana masu koyon malanta labarin wani mutum wanda ya sayar da ransa don ya gane yadda ruwan teku ke tafiya. Sunansa Fridtjof Nansen, mutumin ƙasar Norwe.

An haife shi ran 10 ga Oktoba, 1861, kusa da birnin da ake kira Oslo yanzu. A jami'a ilmin dabbobi ya karanta. Cikin 1882 ya bi jirgin mafarauta zuwa tekun arewa mai ƙanƙara, tun daga nan kuwa zuciyarsa ta zauna can. Cikin 1888 shi da mutum biyar suka ratsa tsibirin Girinlan daga gabas zuwa yamma, suna sulɓi bisa ƙanƙara da dogayen katako ɗaure a ƙafa. Ba su ne farkon masu gwadawa ba, amma su suka fara cin nasara. Ya kuma zauna wata da watanni tare da mutanen ƙasar, ya koyi irin tufafinsu da kwalekwalensu, bai raina ilminsu ba.

To, ga abin da ya jawo babbar tafiyarsa. Cikin 1881 ƙanƙara ta murƙushe wani jirgin Amurka, Jeannette, ya nutse arewa da Sibiriya. Bayan shekara uku aka tsinci waɗansu kayan jirgin a gaɓar Girinlan ta kudu maso yamma, watau can ɗaya gefen duniya. Yaya suka kai can? Wani masani na Norwe, Henrik Mohn, ya ga lalle akwai ruwa mai gudu da ke ɗauke da ƙanƙara daga Sibiriya, ya ratsa ta kusa da Ƙuryar Arewa, wurin nan da in ka tsaya ko'ina ka juya kudu ne. Nansen ya ƙudura zai gwada maganar da jikinsa, gama gani ya kori ji. Dabararsa ita ce ya kai jirgi cikin ƙanƙara da gangan, ya bar ta ta kama shi, ta tafi da shi inda za ta.

Tsofaffin matafiya da dama suka ɗauki wannan hauka ne. Amma ya sa wani gwanin sassaƙa jirgi, Colin Archer, ya yi masa jirgi mai kewayayyen ciki, kamar gorar da masuntan Bade ke hawa. In ƙanƙara ta matse shi sai ya suɓuce ya hau bisanta, kamar ƙwayar guna ɗanya tsakanin yatsu. Aka sa masa suna Fram, watau gaba.

Suka tashi cikin Yuni 1893, suka zama su goma sha uku. Cikin Satumba ƙanƙara ta riƙe su arewa da Sibiriya, jirgin kuwa ya hau bisanta lafiya lau. Ba su zauna banza ba. Kullum suna auna iska da sanyi, suna huda ƙanƙara su zura igiya. Masana na lokacin sun zaci tekun nan ba shi da zurfi, sai ga igiya ta shige ƙafa 12,000. Suka tarar kuma ƙarƙashin ruwan sanyi na bisa akwai wani ruwa mai ɗan ɗumi, mai yawan gishiri, wanda ya kwararo daga Atlantika. Nansen ya lura da wani abu na uku: ƙanƙara ba ta bin iska sosai, kullum takan karkata wajen dama.

Da ya ga jirgin ba zai bi ta Ƙuryar Arewa daidai ba, sai ran 14 ga Maris, 1895, ya bar shi hannun Otto Sverdrup, ya kama hanya da Hjalmar Johansen da karnuka 28. Cikin Afrilu ya rage musu kamar mil 260, ba kuwa wanda ya taɓa kaiwa nan gabansu. Amma ƙanƙarar da suke takawa tana komawa kudu da su, abincin karnuka kuma yana ƙarewa. Nansen ya juyo. A ganina wannan juyowa ta fi tafiyar nuna hankalinsa, don bai yarda neman suna ya ci ransa da na abokinsa ba. Suka kai wani tsibiri, suka yi bukkar duwatsu suka rufe ta da fata, suka yi wata takwas ciki suna cin naman farauta. Ran 17 ga Yuni, 1896, suka yi kiciɓis da wani Baturen Ingila, Frederick Jackson, aka kai su gida cikin Agusta. Bayan mako guda sai ga Fram ya iso, ƙanƙara ta sake shi bayan kusan shekara uku. Ba a rasa ko mutum ɗaya ba.

Awon da suka kawo ya cika littafi shida. Wani saurayi masanin lissafi na Suwidin, Ekman, ya ɗauki maganar karkatar ƙanƙara, ya nuna cikin 1905 juyawar duniya ce ke sa haka, har yau kuwa da lissafinsa ake gane yadda iska ke tura ruwan teku. Nansen ya ƙago wata kwalba mai ɗebo ruwa daga zurfin da aka so ba tare da ya gauraya da na bisa ba, aka yi shekaru da yawa ana aiki da ita. Cikin 1908 ya zama shehun malamin ilmin teku.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya juya ga taimakon mutane. Ya shirya mayar da fursunonin yaƙi fiye da 400,000 gidajensu, ya nemo abinci don masu yunwa a Rasha, ya kuma fito da takardar shaida don 'yan gudun hijira waɗanda ba ƙasar da ta yarda nata ne. Aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya cikin 1922. Ya rasu ran 13 ga Mayu, 1930.

Ina ruwanmu da wannan duka? Yanzu an sani ruwa mai ɗumi yana tafiya arewa bisa Atlantika, in ya kai wajen Girinlan ya yi sanyi ya yi nauyi sai ya nutse, ya komo kudu ta ƙarƙashi. Wannan zagaye yana cikin abubuwan da ke raba zafi tsakanin arewa da kudu. Cikin 1986 waɗansu masana a Ingila suka nuna in tekunan arewa sun yi sanyi bisa ga na kudu, ruwan sama yakan ragu a ƙasashenmu na bakin hamada. Dattawan Manga da na Bade suna tune da farin 1973 da na 1984, sa'ad da gero ya bushe, shanu suka mutu, Tafkin Chadi ya janye. Ashe gonarmu tana da hannu cikin abin da ke faruwa a teku.

Mu da za mu tsaya gaban yara, ga abin da na tsinta. Tarkacen jirgi kaɗan ne suka sa Nansen tambaya, awo na kullum kuma ya ba shi amsa. Ma'aunin ruwan sama guda a filin makaranta, da littafin da yara za su riƙa rubuta ranar da kogi ya kawo da ranar da ya janye, ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. Yaron da ya saba da wannan tun yana ƙarami, ba zai tsaya ga an ce ba, sai ya auna.