Abdurrahman Assufi: Masanin Da Ya Fara Rubuta Labarin Gungun Andromeda

Duk wanda ya fita bayan garin Gombe a daren Nuwamba mara farin wata, ya ɗaga kai sashen arewa, zai iya hango wani ɗan tabo mai kama da gajimare a tsakanin taurari. Mutumin da ya fara bayyana wannan tabo a rubuce, gwargwadon abin da tarihi ya adana, shi ne Abdurrahman bin Umar Assufi, fiye da shekara dubu da suka shige.

An haifi Assufi a shekarar 903 a birnin Rayyu, kusa da Tehran ta yau a ƙasar Iran. Ya yi hidima a fadar Sarki Adududdaula na daular Buwaihi, wanda ya kasance ɗalibinsa kuma majiɓincin aikinsa. Ya zauna a Isfahan, daga bisani ya yi nazarin sararin samaniya a Shiraz.

A zamaninsa masana falaki sun dogara ne da jadawalin Batlamiyus, masanin Iskandariyya na ƙarni na biyu. Da yawa suna kwafar alƙalumansa daga littafi zuwa littafi ba tare da sun duba sama ba. Assufi ya soki wannan ɗabi'a. Ya bi taurarin ɗaya bayan ɗaya da idonsa, yana gwada abin da aka rubuta da abin da yake gani.

Sakamakon wannan haƙuri shi ne littafinsa Suwarul Kawakibis Sabita, wanda ya kammala wajen shekarar 964. A ciki ya bayyana siffofi 48 na taurari. Ya zana kowace siffa sau biyu: yadda ake ganinta a sama, da yadda take a jikin ƙwallon tagulla na masu nazari. Ya gyara ma'aunin hasken taurari masu yawa, ya kuma haɗa sunayen Girkawa da waɗanda Larabawan sahara suke amfani da su wajen sanin lokutan ruwa da tafiya, irin su Surayya, wadda Bahaushe ke kira Kaza da 'Ya'yanta.

Da ya zo kan siffar Andromeda, sai ya ambaci wani tabo mai kama da gajimare a kusa da bakin abin da Larabawa suka siffanta da babban kifi. Batlamiyus bai lissafa shi ba, amma Assufi ya gan shi, don haka ya rubuta.

Sai a 1612 Simon Marius na Jamus ya dube shi da madubin hangen nesa. A 1764 Charles Messier na Faransa ya sa shi a jadawalinsa da lamba 31. A 1923 kuma Edwin Hubble na Amurka ya gano wani tauraro a cikinsa wanda ya ba da damar auna nisansa, aka tabbatar cewa wani gungu ne na biliyoyin taurari, daban da wanda ranarmu take ciki. Haskensa yakan yi tafiyar shekara kimanin miliyan biyu da rabi kafin ya iso idon mai kallo.

Mazaunin Gombe zai iya maimaita abin da Assufi ya yi. Lokaci mafi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, kafin ƙurar hunturu ta yi kauri, wajen ƙarfe tara na dare, nesa da fitilun gari. A fara neman manyan taurari huɗu da suka yi murabba'i a tsakiyar sama. Daga kusurwarsu ta arewa maso gabas, a bi jerin taurari zuwa na biyu, mai haske ja-ja, wanda malaman hisabi ke kira Risha. Daga nan a karkata arewa, a wuce ƙananan taurari biyu. A bar ido ya saba da duhu na minti ashirin, a kuma kalli wurin ta gefen ido, domin ya fi kama haske mai rauni.

Assufi ya rasu a Shiraz a 986. An yi ta kwafar littafinsa tsawon ƙarnoni, aka fassara shi zuwa Farisanci da Sifaniyanci, kuma akwai daɗaɗɗen kwafinsa a ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford a Ingila. Wani rami a doron wata yana ɗauke da sunansa kamar yadda Turawa suka furta shi, wato Azophi.