Peter Tosh, mawaƙin da ya sha kulki saboda tabar wiwi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu sayar da kaset ya san hoton Bob Marley. Wanda ba kowa ya sani ba shi ne dogon mutumin nan mai baƙin tabarau da ke tsaye kusa da shi a tsofaffin hotuna, wato Peter Tosh. Shi ne ya fito fili ya nemi gwamnati ta halatta tabar wiwi tun shekara ta 1975, a lokacin da faɗin haka kaɗai kan jawo wa mutum ziyarar 'yan sanda.

An haife shi ranar 19 ga Oktoba 1944 a yankin Westmoreland da ke yammacin tsibirin Jamaika. Sunansa na yanka Winston Hubert McIntosh. Bai tashi gaban iyayensa ba, wata 'yar uwarsu ce ta riƙe shi. Yana ɗan matashi ya koma Kingston, babban birnin ƙasar, ya zauna a Trench Town, unguwar talakawa, inda wani mawaƙi mai suna Joe Higgs ke tara samari yana koya musu waƙa kyauta. A nan ya haɗu da Bob Marley da Bunny Wailer, suka kafa ƙungiyar Wailers a 1963. Cikin su ukun shi ne ya riga sauran iya kaɗa gita.

Kafin mai karatu ya gane faɗan da Tosh ya yi, sai ya san yadda ganyen ya shiga ƙasar. 'Yan ƙwadago ne daga Indiya, waɗanda Turawan Ingila suka kwaso daga 1845 domin aikin gonakin rake bayan an hana bauta, suka zo da shi, har da sunan da ake kiransa da shi a can, wato ganja. Gwamnatin mulkin mallaka ta haramta shi a 1913, kuma aka yi ta ƙara tsananta hukuncin. Mabiya Rastafari, masu girmama Sarki Haile Selassie na Habasha, sun ɗauki shan ganyen a matsayin wani ɓangare na ibadarsu, saboda haka dokar ta zama sandar da ake dukansu da ita. Tosh ya shiga wannan tafarki a shekarun 1960. A 1967 aka kama abokinsa Bunny Wailer da laifin mallakar wiwi, ya yi fiye da shekara guda a kurkuku.

Wailers sun sami shiga kasuwar duniya a 1973 ta hannun kamfanin Island na Chris Blackwell. Sai dai Tosh bai ji daɗin cinikin ba. Yana ganin kuɗin da ke zuwa hannunsu bai kai wahalar da suke sha ba, kuma kamfanin ya fi son ya tura Marley gaba. Mutum ne mai zafin rai wanda ba ya haɗiye magana, don haka zuwa 1974 ya kama gabansa.

Waƙarsa ta Legalize It, mai kira a halatta ganyen, gidajen rediyon Jamaika sun hana sa ta, abin da ya ƙara mata kasuwa, kamar yadda aka saba gani da duk hajar da aka hana. A 1976 faifan ya fito da hotonsa zaune a tsakiyar gonar wiwi yana busa hayaƙi. Hujjojinsa uku ne. Yana cewa ganyen magani ne, yana cewa manya ma suna sha a ɓoye amma talaka kaɗai ake ɗaurewa, yana kuma cewa manomin Jamaika zai samu abin rufin asiri in aka bar shi ya noma.

Ranar 22 ga Afrilu 1978 aka yi wani babban taron waƙa na neman zaman lafiya a filin wasa na Kingston, domin 'yan bangar jam'iyyun ƙasar biyu sun daɗe suna kashe juna. Firaminista Michael Manley da madugun adawa Edward Seaga suna zaune a gaba. Tosh ya hau dandamali, ya kunna tabarsa a gabansu da gaban manyan 'yan sanda, ya ɗauki lokaci mai tsawo yana caccakar su kan talauci da zaluncin jami'an tsaro da dokar wiwi. Bayan wata biyar, a watan Satumba, 'yan sanda suka kama shi a unguwar Half Way Tree, suka kai shi caji ofis, suka lakaɗa masa duka har suka fasa masa kai. Mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin ramuwar wancan jawabi. Bai yi laushi ba. A wannan shekarar ya fitar da faifan Bush Doctor a ƙarƙashin kamfanin Rolling Stones, sannan Mama Africa a 1983.

A ganinmu, ya yi gaskiya a wani wuri, ya kuma wuce gona da iri a wani. Batun cewa doka ta fi cin talaka ba ya buƙatar dogon bayani. Batun magani ma yana da tushe: a Jamaikan kanta masana biyu, Manley West da Albert Lockhart, sun haɗa maganin ɗigawa a ido mai suna Canasol daga ganyen domin masu hawan jinin ido, kuma a 2018 Amurka ta amince da wani magani da aka tace daga gare shi domin wata irin farfaɗiya mai tsanani ta yara. Amma maganin da aka tace aka auna daban, naɗin da yaro ke zuƙa a bayan tasha daban. Hayaƙin yana cutar da huhu, kuma bincike ya nuna wanda ya fara sha da ƙuruciya ya kuma yawaita ya fi shiga haɗarin taɓin hankali. Tosh bai taɓa ba wannan ɓangare muhimmanci ba.

Ajalinsa bai zo ta hannun hukuma ba. Daren 11 ga Satumba 1987 wasu mutane uku ɗauke da bindigogi suka shiga gidansa a Kingston suna neman kuɗi. Jagoransu Dennis Lobban mutum ne da Tosh ya taimaka wa bayan fitowarsa daga kurkuku. Da ba su samu abin da suke so ba sai suka buɗe wuta, suka kashe Tosh da baƙinsa biyu. Yana da shekara 42. An yanke wa Lobban hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin rai da rai. A 1988 faifansa na ƙarshe, No Nuclear War, ya ci lambar Grammy, kuma a 2012 gwamnatin ƙasarsa ta ba shi lambar girma ta Order of Merit.

A 2015 majalisar Jamaika ta gyara dokar. Wanda aka kama da abin da bai wuce giram 56 ba tarar dalar Jamaika 500 kawai zai biya, kowane gida na iya shuka tushe biyar, kuma an ba Rastafari izinin amfani da shi wajen ibada. Sayarwa ba lasisi da fitarwa ta ɓarauniyar hanya har yanzu laifi ne. Lesotho ta fara ba da lasisin noman na magani a 2017, Moroko ta yi dokarta a 2021. A Nijar da Nijeriya da Kamaru da Cadi kuwa haramtaccen kaya ne, kuma direban da aka samu ƙunshi a cikin lodinsa shi ne zai fara amsa tambaya.

Ɗansa Jawara, wanda shi ma mawaƙi ne, an kama shi a jihar New Jersey ta Amurka a 2013 da kusan kilo 30 na wiwi a mota. Yana cikin zaman ɗaurinsa a 2017 wani fursuna ya yi masa dukan da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, bai sake tashi ba har ya rasu a watan Yulin 2020. A watan Nuwamba na wannan shekarar masu zaɓe a New Jersey suka kaɗa ƙuri'ar halatta wiwi ga manya.